Abin da na gani a kwanon sojan Ruwanda a Darfur

Wata 'yar kwalba ce ƙarama, irin ta maganin ɗigawa a ido, kaftin ɗin ya zaro ta daga aljihun rigarsa ya ajiye a tsakiyar tebur a hankali kamar mai ajiye zinare. Man barkono ne ruwan ɗorawa, sunansa Akabanga, a Ruwanda ake yinsa, ya ja mana kunne cewa ɗigo biyu ko uku ya isa, kar wanda ya wuce haka. Yana bayani yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya yana jira ya ga wa zai fara ɗanɗanawa, kuma wallahi yadda idonsa ya yi haske lokacin da direbanmu ya gyaɗa kai ya ce wannan barkono ne na gaske, kai ka ce an yabi ɗansa ne.

A 2011 ne wannan. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Al-Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, aikina tafinta ne tsakanin Larabci da Turanci tunda a Khartum na yi karatu. Ranar mun kai kaya wajen sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke kudu da gari, sojojin Ruwanda na UNAMID, rundunar kiyaye zaman lafiya a Darfur, su ne suka raka mu, a hanyar dawowa rana ta take, kaftin ɗin ya ce sam ba za mu wuce ba sai mun shiga mun ci abinci. Mu uku ne baƙi a teburin, ni da direbanmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Fur da muke kira Ammu, wanda shi kansa a Zamzam ɗin yake zaune da iyalinsa tun da aka ƙone ƙauyensu a wajen Tawila, sai wani sajan ɗan Najeriya da ya zo karɓar kayan gyaran mota, da jin gaisuwata ya juya harshe zuwa Hausar bariki ya ce Malam kai ma nan ka faɗo. Aka kawo wake da ya dahu ya yi lugub, da shinkafa, da tuwon rogo da suke ce wa ubugali, da miyar ganyen rogo mai suna isombe, sai shayi da madara a kofin silba.

To me ya sa soja da ke sanye da shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya zai ɗauko barkonon garinsu tun daga Kigali ya riƙa yawo da shi a aljihu a cikin hamada? Amsar tana cikin yadda aka gina aikin gaba ɗaya, kuma yawancin mutane ba su san yadda aka gina shi ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da soja ko ɗaya nata na kanta. Idan Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri ya ce a tura runduna wuri kaza, sai a shiga roƙon ƙasashe, wannan ta ce zan ba da bataliya ɗaya, waccan ta ce zan ba da 'yan sanda, wata injiniyoyi, wata asibiti. Sojan yana zuwa da kakin ƙasarsa, da muƙaminsa na gida, da bindigarsa, da hafsoshinsa, hula kawai ake sauya masa a liƙa masa tambarin Majalisa a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tutar ƙasarsa ce. Kuɗin ma ba hannunsa Majalisa take bai wa ba, gwamnatinsa ake biya kan kowane soja a wata, a lokacin da nake can dala 1,028 ce, aka ɗaga zuwa 1,332 a 2014, sai 1,428 a 2018, gwamnatin ce za ta yanke nawa zai shiga aljihun sojan a matsayin alawus, shi ya sa za ka ga mutum biyu suna gadin ƙofa ɗaya a rana ɗaya amma abin da kowa yake samu ya sha bamban. Abin da Majalisa ke miƙa wa soja kai tsaye dala 1.28 ce a rana.

Harkar abinci ma haka take. Majalisa tana ɗaukar ɗan kwangila ya riƙa kawo ɗanyen kaya a manyan motoci masu firiji, akwai jerin kayan abinci ɗaruruwa da kowace bataliya ke zaɓa daga ciki gwargwadon abin da mutanenta suka saba ci, amma girki na masu girkin bataliyar ne, daga gida ake zuwa da su. Don haka idan ka zagaya sansanonin UNAMID a wancan lokacin hancinka kaɗai zai gaya maka ƙasar da ka shiga. Wajen 'yan Nepal shinkafa da romon wake ne safe da yamma, wajen 'yan Bangaladash ƙamshin kori tun daga ƙofa, Habashawa da injera, 'yan Senegal da shinkafa da kifi, namu kuma garri da dafa-duka da barkono. Abin da babu shi a jerin sai a sako shi a jaka ko a jirgin canjin dakaru, ta haka busasshen ganyen rogon nan da 'yar kwalbar nan suka iso Darfur.

Kaga ke nan runduna ɗaya ce a takarda, amma a ƙasa tarin ƙananan ƙasashe ne kowace a cikin shingen wayarta, da tutarta da limaminta ko fastonta da tukunyarta. UNAMID kuwa ta fi kowace nuna haka saboda haɗin gwiwa ce tsakanin Majalisa da Tarayyar Afirka, ƙuduri mai lamba 1769 na 31 ga Yulin 2007 ne ya kafa ta, ta karɓi aiki daga rundunar Tarayyar Afirka a ranar ƙarshe ta wannan shekarar, an amince mata da sojoji da 'yan sanda kusan 26,000, gwamnatin Omar al-Bashir kuma ta kafe cewa dole akasarinsu 'yan Afirka su kasance. Kwamandanta na farko Janar Martin Luther Agwai ne na Najeriya, daga shi sai Janar Patrick Nyamvumba na Ruwanda, a shekarar da nake magana kuma Farfesa Ibrahim Gambari ne shugaban aikin gaba ɗaya.

Muna cikin ci sajan ɗin namu ya tambayi kaftin, cikin ladabi irin na ƙaramin soja ga hafsa, me ya sa su 'yan Ruwanda suke ɗaukar aikin nan da zafi haka, don kowa a Al-Fashir ya san sansaninsu ya fi na kowa tsafta kuma ba su cika ja da baya ba idan an tare hanya. Kaftin ɗin ya ajiye cokali. Bai yi dogon jawabi ba, cewa ya yi yana ɗan shekara goma sha ɗaya a 1994, kuma ya ga masu irin wannan hular da ke kansa suna shiga mota suna tafiya.

Wanda bai san labarin ba ba zai gane nauyin maganar ba. Lokacin da aka fara kisan ƙare dangi na Tutsi a Ruwanda ranar 7 ga Afrilun 1994, akwai rundunar Majalisa a ƙasar, sojoji kusan 2,500 ƙarƙashin Janar Romeo Dallaire ɗan Kanada. A ranar farko aka kashe sojojin Beljiyam 10, Beljiyam ta ce ta janye 'ya'yanta. A wata makarantar koyon sana'a da ke Kicukiro a Kigali mutane kusan 2,000 sun fake a bayan sojojin Beljiyam ɗin, ranar 11 ga wata sojojin suka tashi suka bar su, kafin dare an kashe mafi yawansu. Ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu, maimakon ya ƙara dakaru, sai ya rage su zuwa 270. Cikin kwana 100 aka kashe mutane kimanin 800,000 a ƙiyasin Majalisa, gwamnatin Ruwanda ta ce sun haura miliyan. Waɗanda suka tsaya ba su da yawa, sojojin Ghana ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho suna cikinsu, da wani kaftin ɗan Senegal Mbaye Diagne da ya riƙa ɗibar mutane a motarsa yana tsallakar da su shingayen makasa har aka kashe shi ranar 31 ga Mayu, yau akwai lambar yabo ta Majalisa mai sunansa.

Shekara goma bayan haka, a Agustan 2004, sojojin Ruwanda 150 ne suka fara sauka a Darfur da sunan Tarayyar Afirka, kafin na kowa. Ni a fahimtata kishin ƙasar da na gani a teburin nan daga wannan ciwon ya fito. Mutum ne da duniya ta taɓa nuna wa cewa ransa bai kai a tsaya a kai ba, yanzu shi ne a tsaye a ƙofar wani, kuma yana so duk wanda ya kalli tutar da ke hannunsa ya tuna da wani abu ban da gawarwaki a kogi. Suna da kalma da suke yawan faɗa, agaciro, ma'anarta ta yi kusa da abin da muke ce wa mutunci ko daraja. Ya nuna min hoton tuddan garinsu a waya, kore shar, gonakin shayi a jere, ya ba ni labarin umuganda, aikin gayya da ake yi a duk Asabar ɗin ƙarshen wata inda kowa ke fitowa shara da gyaran hanya, da yadda aka hana ledar zuba kaya tun 2008. Bai ce ƙasarsa ta fi ta kowa ba, yana dai so ka san cewa akwai ta kuma tana raye.

Kuma abin bai tsaya a baki ba, wannan ne ya sa nake girmama shi. Babbar masifar matan sansanonin Darfur a lokacin ita ce itacen girki, sai sun yi tafiya mai nisa bayan sansani kafin su samu, a can 'yan bindiga ke tare su su yi musu fyaɗe, maza kuma idan suka fita kashe su ake yi, shi ya sa matan ke zuwa duk da sun san abin da ke jiransu. Har sintiri na musamman runduna ta ware don raka masu neman itace. Sojojin Ruwanda suka zo da wani murhun laka na garinsu da ake kira rondereza wanda ke cin itace kaɗan, suka zauna a ƙasa suna kwaɓa laka suna koya wa mata yadda ake gina shi. Ammu ya ce akwai ɗaya a tsakar gidansa, kuma daga fita sau da yawa a sati matarsa ta koma fita jefi-jefi. Wannan murhun ba ya cikin ƙudurin Kwamitin Sulhu, daga ɗakin girkin uwar wani soja ya fito.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, wannan igiyar da ke ɗaure soja da gida ita ce kuma raunin aikin. Soja yana karɓar umarni daga kwamandan runduna, amma kunnensa ɗaya yana babban birnin ƙasarsa, ƙasashe da dama suna gindaya sharuɗɗa, mu ba ma sintirin dare, mu ba ma wuce wuri kaza, kwamanda zai ba da oda sai hafsan bataliya ya ce bari ya buga waya gida tukuna. Idan gawa ta fara komawa gida jama'a suka fara tambaya me ya kai 'ya'yanmu can, gwamnati tana iya janyewa a duk ranar da ta ga dama, abin da Beljiyam ta yi ke nan. A Nuwamban 2016 da Ban Ki-moon ya sauke kwamandan rundunar Majalisa a Sudan ta Kudu, wani ɗan Kenya, saboda gazawar kare fararen hula a rikicin Juba na watan Yuli, Kenya ta ji an ci mata fuska ta ce ta janye sojojinta kusan dubu, waɗanda suka fake a bayansu kuma babu wanda ya tambaye su. Mafi ciwo shi ne batun laifi, sojan bataliya idan ya yi fyaɗe ko kisa a ƙasar da aka tura shi, kotun ƙasar ba ta da hurumi a kansa, Majalisa ma iyakarta ta mayar da shi gida, ƙasarsa ce kaɗai za ta hukunta shi, kuma sau da yawa sunan ƙasa ake karewa a binne maganar. Cutar kwalara da ta kashe mutane kusan 10,000 a Haiti daga 2010 daga sansanin sojojin Nepal na rundunar Majalisa ta fito, sai a Disambar 2016 Majalisa ta fito ta nemi afuwa.

Ita Ruwandan ma ba zan rufe ido a kanta ba don na ci waken sojanta. Ƙwararrun Majalisa sun sha fitar da rahoto cewa gwamnatin Kigali tana mara wa 'yan tawayen M23 baya a gabashin Kwango, ita kuma ta sha musantawa, kuma masu sukar gwamnatin Paul Kagame sun san abin da suke fuskanta. Akwai masu cewa yawan tura dakaru waje wata garkuwa ce da ke sa manyan ƙasashe su yi shiru, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma lissafin fadar shugaban ƙasa daban, mutumin da ke durƙushe yana kwaɓa wa wata tsohuwa laka a Zamzam daban, kuma ni na biyun na zauna da shi.

Sajan ɗin namu bai bari aka tashi ba sai da shi ma ya buɗe nasa littafin. Ya lissafo Kwango a 1960, inda daga baya Aguiyi-Ironsi ya jagoranci rundunar Majalisa gaba ɗaya, ya lissafo ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya daga 1990 da Saliyo, sai muryarsa ta sauka da ya zo Haskanita, wani gari a nan Darfur, inda a ƙarshen Satumban 2007 'yan tawaye suka afka wa sansanin Tarayyar Afirka cikin azumi suka kashe sojoji, bakwai daga cikinsu 'yan Najeriya. Mutumin da minti goma kafin nan yake min ƙorafin alawus da ba ya zuwa kan lokaci, shi ne yanzu ya miƙe zaune ƙirji a waje. Na daɗe ina tunanin wannan, mu a gida sai mu wuni muna zagin ƙasa kuma da dalilinmu, amma ka sa mutum a tebur da baƙo ya ji baƙon yana maganar garinsu da ƙauna, sai ka ga shi ma nasa ya motsa. Ya ce min abin da ya fi sanyaya masa rai a Darfur shi ne ranar da ya shiga kasuwa wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta gaishe shi da Hausa, cikin jikokin mahajjatan da suka bi ta Al-Junaina da Al-Fashir a ƙafa suka zauna ba su koma ba, ta tambaye shi labarin Kano da ba ta taɓa gani ba.

Duk wannan hirar Ammu bai ce komai ba, yana ta cin tuwon rogonsa da hannu yana saurare, ni nake juya masa maganar zuwa Larabci. Shi kaɗai ne a teburin da yake cikin ƙasarsa, kuma shi kaɗai ne ba shi da gidan komawa. Kaftin yana ƙirga watannin da suka rage masa, sajan ma haka, ni ma ina da tikiti. Da kaftin ya lura ya ce in tambaye shi nasa garin fa, sai dattijon nan ya goge hannu ya fara. Ya ce sunan wurin nan kansa Dar Fur, gidan Fur, kuma suna da sarauta mai cin gashin kanta har 1916 da Turawan Ingila suka kashe Sultan Ali Dinar, ga fadarsa nan a tsakiyar Al-Fashir. Ya ba mu labarin Jabal Marra, dutsen da ruwa ke gudu a cikinsa rani da damina, da lemon zaƙin da ake lodi daga can zuwa Khartum, da asidar gero, wadda tuwonmu ce sak, da miyar busasshiyar kuɓewa da kawal, wani ganye da suke sarrafawa kamar daddawa. Ya ce wa kaftin ranar da aka samu lafiya shi zai yi gayya, a gonarsa, a ƙarƙashin bishiyarsa, kuma kaftin ya zo da kwalbar nan. Kaftin ya tura masa kwalbar gabansa ya ce ya riƙe ta har ranar.

UNAMID ta rufe aiki ranar 31 ga Disambar 2020 bayan ta rasa ma'aikata kusan 300, da yabo da suka a kanta, don an sha zarginta da ɓoye wasu ta'asar da aka yi a gabanta, tsohuwar kakakinta Aicha Elbasri ma da kanta ta fito ta faɗa. Mutanen sansanoni irin Kalma sun yi zanga-zanga suna cewa kar a tafi a bar su. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun sa-kai na RSF, a Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a Zamzam, a cikin Al-Fashir da aka yi wa ƙawanya mutane suka koma cin ambaz, tunkuzar gyaɗa da aka matse wa mai wadda dabbobi ake bai wa. A Afrilun 2025 RSF ta afka wa Zamzam, dubban ɗaruruwa suka fita a ƙafa da kan jakuna, a ƙarshen Oktoba garin kansa ya faɗi. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira yamma suka nufa, zuwa Tawila, wurin da Ammu ya gudo daga gare shi shekara ashirin da suka wuce.